Ranar da Na Wanke Shaidar Kotu da Soson Ƙarfe

Matso kusa ka ji, mai karatu, don wannan ba labarin da nake ɗaga murya a kansa ba ne. Shekaru sun ja, furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwalina, amma muddin ina numfashi ba zan manta da abin da hannuna ya aikata a wani gida a unguwar Ulaisha ta birnin Riyad ba, da kwana huɗun da suka biyo baya.

Ni ba mai zurfin boko ba ce, a aji huɗu na firamare na tsaya, rubutun nan ma a hankali nake jan sa. Abu biyu Allah ya ba ni: kunne da hannun wanki. Magana in ta gifta ta kusa da ni sau ɗaya, ta zauna ke nan, da haka na tsinci Larabcin gida cikin wata shida. Tukunya kuwa, komai ƙaurinta, in ta shigo hannuna sai ka ga fuskarka a gindinta. Kuma ni mai son zaman gida ce, in ba dole ba ko bakin get ba na leƙawa.

Maigidana direba ne. Ya riga ni zuwa Saudiyya da shekara tara, yana tuƙa wani dattijon Balarabe, injiniya, malamin jami'a. Da matar dattijon ta fara fama da suga da ciwon gwiwa, sai aka nemo mini biza na zo aikin gida. Wato ni da mijina, iƙamarmu, takardar izinin zama, a hannun mutum ɗaya take, shi ne kafil ɗinmu. Wanda bai zauna can ba ba zai gane nauyin wannan ba. Kafil in ransa ya ɓaci, kafin gahawa ta huce ya buga maka huruj, fita ta ƙarshe, sai dai ka ganka a filin jirgi da jakarka. Yaranmu uku suna Funtuwa wajen kakarsu, da wannan aikin suke ci, da shi suke makaranta. Ga shi a shekarun nan ne ake ta kamen baƙi a gari, kullum sai ka ji an kwashi wasu a unguwar Batha.

Dattijon nan Baba Dakta muke ce masa, matarsa kuma Mama. Bayan la'asar suke zama shan gahawa da dabino, ni ke zubawa, kuma a nan kunnena ya kwashi labarin shari'ar.

Ashe da ƙuruciyarsa Baba Dakta ya yi shekaru a Amurka, a wata masana'anta da ke ƙera faifan ajiya na cikin kwamfuta. Yadda yake bayani, faifan juyawa yake yi, sai wani ɗan kai da ke shawagi a samansa yana rubutu da karatu da maganaɗisu. Kan nan bai kai ƙwayar riɗi ba. A cikinsa akwai zaren tagulla da aka naɗe, wanda gashin jariri ma ya fi shi kauri, kuma tilas a raba zaren da ƙarfen da ke kewaye da shi, in ba haka ba wuta ta tsallaka, kai ya mutu. Abin da ake raba su da shi wani shafi ne da ake zubawa yana ruwa kamar zuma, a gasa shi a tanda har ya yi tauri ya koma ruwan ƙasa. Wannan shafin shi ne aikin Baba.

To wani kamfani ya samo takardar mallaka daga hukumar can, cewa dabarar zuba shafin nan siriri-siriri, a gasa kowane kafin a ƙara wani don kada ya tsage, su suka ƙirƙiro ta, ba mai yi sai da izininsu. Wani kamfanin kuma ya ce ina, wannan ba ƙirƙira ba ce, duk mai sana'ar da ya san abin da aka riga aka sani zai kai ga haka da kansa, abu ne a fili. Aka yi ta shari'a shekara da shekaru. Sai masu cewa a fili yake suka tono Baba, don tun kafin waccan takarda shi ya gwada abin da ya yi kusa da haka, kuma yana da samfurin da ya yi da hannunsa, guda ɗaya tak da ya rage.

Mama ba ta gajiya da tsokanarsa. "Shekara talatin ina auren mutum, kishiyata ƙwayar riɗi," in ji ta. "Ni da nake shafa man shanu a kunafa, alkakinmu na Larabawa, hawa-hawa, wa ya ba ni takarda?"

"Ai da kin nema da kin samu," in ji Baba. "Sai ni in zo in ba da shaida cewa kakarki ma haka take yi."

Ni ma a raina na ce, yaɓen ɗaki ai haka yake, ba a lafta shi gaba ɗaya, sai wani ya sha iska. Amma ga inda ƙaddara ta shigo. Tun da na ji ana ta cewa ƙwayar riɗi, sai na ɗauka samfurin nan a 'yar kwalba yake, kamar irin shuka. Ban taɓa ganin sa ba. Abin da na sani kawai akwai wani shuɗin akwatin roba a durowar ofishinsa da ba a taɓawa. Ban san cewa dubban kawunan a kan faranti ɗaya ake ƙera su kafin a yayyanka ba.

Wata Lahadi da hantsi, saura kwana huɗu lauyan kamfanin da ya tono Baba ya sauka daga Amurka ya karɓi samfurin, Mama ta kira ni. Ta ce baƙo na zuwa, tana son duk wani abu na majalis, ɗakin baƙi ke nan, ya yi ƙyalli: butocin gahawa, tire, kofuna, kaskon turare, kada in bar ko ɗaya. Ba ta rufe baki da daɗewa ba jiri ya kwashe ta a bakin bandaki. Baba yana majalis a lokacin, ya fito da gudu ba ko takalmi, maigidana ya tayar da mota, suka yi asibiti a Shumaisi. Gida ya rage ni kaɗai.

Na ce bari in rage wa kaina zullumi da aiki. Na shiga majalis da babban tire ina kwasar kaya. A kan ɗan teburin da ke gefen kaskon turare na lantarki na ga wani baƙin faranti, zagayayye, faɗinsa kamar tafin hannu da yatsu, mai ɗan nauyi. Samansa duk ya dafe da wani abu ruwan ƙasa, mai sheƙi kamar sukarin da ya ƙone. Duk macen da ta san turaren wuta ta san wannan dafewar. Na ce, oho, farantin cikin kasko ne, ji yadda aka bar shi, da baƙo ya gani ai ni za a zaga.

Na jiƙa shi a ruwan zafi da lemon tsami. Bai ko motsa ba. Na sa omo da soso, shiru. Sai zuciyar sana'a ta taso mini, na ce yau ni da kai ne. Na ɗauko soson ƙarfe da hodar goge tukunya, na dafe gefe ɗaya da babban yatsana, na duƙufa. Inda ya ƙi na bi da bakin wuƙa. Har 'yar waƙa nake yi, Allah ya yafe mini. Na fi rabin sa'a a kansa, sai da baƙin ya fito sumul, ina ta jin daɗi.

Da na zo ɗauraye soson ne na ga wani abu. Tsakanin zaren ƙarfen akwai wani gari ja-ja yana walƙiya, kamar an daka tagulla. Turare ba ya barin tagulla. Na juya farantin. A bayansa an karce wasu lambobi da haruffan Turanci da hannu, rubutun da na saba gani a takardun Baba.

Ban san lokacin da na isa majalis ba. Na buɗe kaskon turare, ga farantinsa a ciki yana zaune lafiya lau. Na waiga. A kan kujerar da Baba ya tashi, rabi a ƙarƙashin matashi, ga shuɗin akwatin nan a buɗe, cikinsa da gurbi zagayayye, babu komai. Kusa da shi farar safar hannu guda biyu da gilashin ƙara girma. Abin da mai shi ba ya taɓawa sai da safa, shi na yi wa rabin sa'a da soson ƙarfe.

Na zube a kan kafet. Innalillahi kawai nake maimaitawa. Na ga yarana an koro su daga makaranta. Na ga maigidana, mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya ba a taɓa ɗaga masa murya ba, an tasa ƙeyarsa zuwa filin jirgi saboda ni. Na ga abin da ya fi haka ma, don ban san ko a ƙasarsu wanda ya ɓata kayan kotu ɗaure shi ake yi ba.

A nan ne na yi abin da ya fi wankin muni. Na goge farantin da tawul, na mayar da shi gurbinsa, na rufe akwatin, na ɗora safar a kai. Soson kuwa na ƙulle shi a leda na tura ƙarƙashin katifarmu, don ina tsoron a ga walƙiyarsa a kwandon shara.

Bayan la'asar suka dawo, Mama ta samu sauƙi. Baba ya wuce majalis kai tsaye, ni ina bakin ƙofa da tiren ruwa. Ya ga akwatin a rufe, ya sauke numfashi.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Duk hanya ina tunanin a buɗe na bar shi. Tsufa ya zo, 'yata."

Ya yi dariya. Ni ma na yi wani abu mai kama da ita. Ya ɗauki akwatin bai buɗe ba, ya kai durowa, na ji ƙarar makulli. Da a nan na buɗe baki, da labarin nan gajere ne.

Kwana huɗun nan ban san yadda zan kwatanta maka su ba. Duk ƙarar buɗe durowa sai in kasa kunne. Duk kiran "ta'ali", wato zo nan, sai in ce shi ke nan, an gano. Na zuba gishiri a shayin Mama. Na ƙona rigar Baba da dutsen guga, ni da ban taɓa ba. Abinci in na kai baki kamar ina tauna auduga. Maigidana ya dube ni ran Talata da safe ya ce, "Maman yara, wannan ramar ta kwana biyu fa? Ko dai ƙanin auta ne a hanya, ake ɓoye mini?" Na ce masa ciwon kai ne. Ya je kantin magani ya sayo mini ƙwaya, na karɓa na yi godiya, na shiga bandaki na yi kuka da famfo a buɗe.

Akwai wata baiwar Allah 'yar Maradi da ke aiki a wani gida a Shumaisi, ta girme ni, Yaya nake ce mata. Ita kaɗai na kira, ban ma faɗa mata komai da komai ba, na ce na ɓata wani abu mai muhimmanci na kafil.

"An gane ki?" ta ce.

Na ce a'a.

"To mi kike so in ce miki? Ki yi kurum, ɗiyar nan! Baki shi ka yanka wuya. Wata ƙawata gilashin fitila ta fasa, fitila fa, kwana ukku tana Yamai. Ke kina da miji a gidan, kai biyu za ki sare da wuƙa guda?"

Na kama maganarta don ita nake son ji. Ban ga laifinta ba har yau, tsoro ne ya yi magana da bakinta kamar yadda ya rufe nawa.

Ran Alhamis da safe maigidana ya tafi filin jirgin Sarki Khalid ɗauko lauya. Ina jin kunyar faɗa, amma addu'a na yi ta yi Allah ya sa a fasa tashin jirgin. Bai fasa ba. Kafin azahar sai ga su. Lauyan ɗan Lubnan ne mazaunin Amurka, dogo, mai sanƙo, yana magana rabi Larabci rabi Turanci. Aka ci abinci, aka koma majalis, Mama ma ta lulluɓa ta zauna daga gefe. Ni ina lungun da ke tsakanin kicin da majalis, riƙe da butar gahawa, ƙofa a ɗan buɗe.

Na ji makulli. Na ji takun Baba. Na ji yana sa safa, yana ba'a cewa wannan ya girmi 'yarsa ta fari. Na ji ƙyas, murfi ya buɗe.

 

"Dakta," in ji lauya a hankali, "wannan ba shi ne na cikin hoton da ka aiko ba."

"Shi ne," in ji Baba. Muryarsa ta zama ta wani tsoho da ban sani ba. "Ga rubutuna a baya. Shi ne. An kankare shi."

Lauya ya yi magana mai tsawo, kuma don Mama ta gane ya yi ta da Larabci, ni ma na kwashe tas. Ya ce ɗaya ɓangaren sun ga hoton, sun nemi a ba su farantin su yanka su duba shafin da idonsu. In aka kai shi a haka, za su ce Dakta ne ya goge shi da gangan don abin da ke ciki bai yi daidai da maganarsa ba. Alƙali zai iya watsar da shaidarsa gaba ɗaya, kuma sunansa zai shiga takardun kotu a matsayin wanda ya lalata hujja. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana gina suna.

"Wa ya taɓa akwatin nan ban da kai?"

 Baba ya ce makon jiya an kai shi jami'a an ɗauki hoto, kuma da taro ya riƙe shi, direba ne ya dawo da akwatin gida shi kaɗai.

Aka kira maigidana. Ta gabana ya wuce, har ya ɗan yi mini murmushi, yana zaton aike ne. Na ji Baba ya tambaye shi. Sai na ji muryar maigidana.

"Baba, shekara goma sha ɗaya ina tuƙa ka. Ko dabino ka manta a mota sai na kawo maka. Wallahil azim ban buɗe ba, a kan cinyata na riƙe shi har gida, ko a kujera ban ajiye ba."

"To aljani ne ya yi?" in ji Mama.

Lauya ya ce shi ba ya zargin kowa, amma don a wanke Dakta dole a samu takarda daga hukuma cewa wani ne ya yi ɓarnar, saboda haka gara a kira 'yan sanda su yi bincike. Kalmar shurɗa, wato 'yan sanda, ita ta tsaya mini a kunne. Na ji maigidana yana cewa a kawo Alƙur'ani ya dafa.

Ban yanke shawara ba, kada in yi maka ƙarya in ce jarumta ce. Ƙafata ce kawai ta tura ƙofar. Na shiga da butar, na durƙusa a tsakiyar kafet, Larabcin ma ya gudu, sai da na haɗa da hannu.

"Baba, ni ce. Ba shi ba ne, bai sani ba. Ran da Mama ta faɗi. Na zaci na turare ne. Na wanke."

"Kin wanke," in ji Baba, kamar yana koyon kalmar.

"Da soson ƙarfe."

Mama ta miƙe duk da gwiwarta. "Na turare? Makaho ma ya shafa ya san wannan ba na turare ba ne! Abu a fili, ke ba ki da ido?"

Baba ya ɗaga mata hannu. Ya daɗe yana kallon farantin, sannan ya yi wata dariya marar daɗi.

"A fili ga wa?" ya ce. "Shekara nawa manyan lauyoyi suna faɗa a kan wannan tambayar. A fili yake ga mai sana'a. Ita sana'arta ta gaya mata dafewar turare ce, kuma ni na ajiye shi a gefen kasko. Bayan an nuna maka abu, kowa gwani ne."

Ban ɗaga kai na dubi maigidana ba. Ƙafafunsa kawai nake gani, ba su motsa ba.

Lauyan ne ya sauko daga kujera ya tsuguna daidai da ni, yana kirana 'yar uwa. Da me na fara? Minti nawa? Wa ya sa ni? Ina soson yake? Da na ce yana ƙarƙashin katifa, sai idonsa ya buɗe. Na je na ɗauko ledar, ya karɓe ta da hannu biyu kamar an ba shi jariri, ya ɗaga ta wajen taga, garin tagullar yana walƙiya. Ya ce wannan zai nuna labarina gaskiya ne. Baba kuma ya ɗauki gilashinsa yana bin farantin gefe-gefe. Can ya tsaya.

"A nan kika riƙe?"

Na ce eh, da babban yatsa.

Wurin bai fi girman yatsan ba, amma ruwan ƙasan yana nan, soso bai kai gare shi ba. Baba ya ce a wannan ɗan wurin akwai kawuna da dama, wataƙila wasu su yanku a duba. Wataƙila, ya ce, bai ce tabbas ba.

Ba a kira 'yan sanda ba, amma tsoron bai ƙare ranar ba. Bayan kwana uku aka kai ni wani ofishi mai sanyi kamar firji, da tafinta ɗan Kano, na yi rantsuwa, na ba da labari tun daga lemon tsami, na dangwala yatsa. Bayan wata biyu kuma aka zaunar da ni gaban kwamfuta, wani Bature lauyan ɗaya ɓangaren yana yi mini tambaya daga can. Sau bakwai ya juya tambaya ɗaya: Dakta ne ya ce ki wanke? Matarsa ce? An yi miki alkawarin wani abu? Zufa har cikin takalmina. A ƙarshe na ce wa tafinta, gaya masa da an sa ni, da ban bar gurbin yatsa ba, ni ba na rabin wanki. Tafintan ya danne dariya ya fassara. Baturen bai yi dariya ba, amma bai sake tambaya ba.

Yadda shari'ar ta ƙare ban sani dalla-dalla ba. Na dai ji an karɓi shaidar Baba, sunansa bai ɓaci ba, daga baya kuma kamfanonin suka sasanta a tsakaninsu. Ko dabarar a fili take ko ba a fili ba, har na baro ƙasar ban ji alƙali ya yanke ba.

Maigidana kwana biyu bai yi mini magana ba. A rana ta uku yana ɗaura agogo zai fita, bai juyo ba ya ce, "Wankin ba komai, kowa na kuskure. Amma kina bayan ƙofa kika bari na nemi Alƙur'ani a gaban baƙo. Kwana huɗu muna ɗaki ɗaya, har magani na sayo miki." Ya fita. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Mama kuwa ba ta sake yi mini faɗa ba, amma ta daina barina ni kaɗai a ɗaki. In ta ajiye zobe sai ta waiwayo. Da iƙamata ta kusa ƙarewa, Baba ya kira mu mu biyu majalis. Ya ce maigidana yana nan muddin yana so, za a sabunta tasa. Tawa kuwa ba za a sabunta ba. Ya ce, "'Yata, farantin na yafe tun ranar, rabin laifin nawa ne. Kwana huɗun ne Mama ta kasa haɗiyewa, kuma gidan nata ne, da ke take wuni. Na yi ƙoƙari." Bai iya haɗa ido da ni ba. Da kansa ya raka ni filin jirgi, maigidana na tuƙi.

Na dawo Funtuwa wajen yarana. Maigidana ya ƙara shekara biyar a can shi kaɗai, yana zuwa hutu sau ɗaya a shekara biyu. Yara sun yi karatunsu, alhamdu lillahi, ba a kore su ba. Amma shekara biyar ɗin nan da muka yi a rabe, ni na saye su da shiruna.

Abin da na koya, ba duk abin da ya yi kama da datti ne datti ba, kuma gwanintar hannu in ba ta tambaya ɓarna take. Wanda ya fi wannan girma kuwa, kuskure yana da magani muddin yana da ɗumi. Mutane suna iya yafe abin da hannunka ya ɓata, abin da ke musu wuya shi ne su tuna kana kallon idonsu kana murmushi alhali ka sani. Na faɗa da bakina, amma sai da wuƙa ta kai wuyan wanda bai ji ba bai gani ba.

To kai mai karatu, da kai ne a bakin ƙofar nan da tiren ruwa a hannu, dattijo yana cewa alhamdu lillahi ashe na rufe shi, abincin 'ya'yanka kuma yana hannunsa, tsakaninka da Allah, a take za ka buɗe baki?